Daidaita Laima a Injin Ƙyanƙyasar Ƙwai a Gida

A unguwannin da ke kewaye da masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai, kiwon kaji a tsakar gida ya daɗe yana tallafa wa albashin ma'aikaci. Wasu daga cikin masu kiwon sun bar dogara ga kwancin kaza, sun koma ga ƙaramin injin ƙyanƙyasa, ko na kanti ko wanda maƙeri ya harhaɗa da akwati da fitila da fanka. Galibinsu sun san cewa ƙwan kaza yana buƙatar kwana 21 a zafin digiri 37.5. Abin da kan shige musu duhu shi ne laima, watau yawan tururin ruwa da ke cikin iskar injin, kuma sau da yawa ita ce ke mayar da ƙwai mai rai baragurbi.

Ɓawon ƙwai ba a toshe yake ba. Yana da dubban ƙofofi waɗanda ido ba ya gani, ta nan iska ke shiga, ta nan kuma ruwan ciki ke fita sannu a hankali. Yayin da ruwan ke raguwa, wani gurbin iska da ke wajen kai mai faɗi yana ƙara girma. Daga wannan gurbi ɗan tsako ke jan numfashinsa na farko kafin ya fasa ɓawo. Ana so ƙwai ya rage kimanin kashi 12 cikin ɗari na nauyinsa daga ranar farko zuwa ta 18. Alal misali, ƙwai mai giram 60 ya kamata ya sauko zuwa wajen giram 53.

Idan iskar injin ta bushe ainun, ruwan ya fita fiye da kima, tantanin ciki ya ƙafe ya manne wa ɗan tsako, har ya kasa juyawa. Idan kuwa laima ta yi yawa, gurbin iska ba ya girma, sai tsakon ya kai bakinsa inda yake neman iska ya tarar da ruwa. Dukkan biyun mutuwa ce a cikin ɓawo, bayan an yi makonni uku ana ƙona kananzir ko ana biyan kuɗin wuta.

Ƙa'idar da aka fi bi ita ce laima ta tsaya tsakanin kashi 50 da 55 cikin ɗari har kwana 18, sa'an nan a ɗaga ta zuwa 65 ko 70 a kwana ukun ƙarshe, lokacin da ake daina juya ƙwai. Amma takardar da ke zuwa tare da injin ba ta san Kano ba. A hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, laimar gari takan faɗi ƙasa da kashi 20 da rana, tasar ruwa ɗaya ba ta isa, kuma takan ƙafe da wuri. A watan Agusta kuwa, tsakiyar damina, iskar ɗaki kanta a jiƙe take, har mai kiwo yakan rage ruwan ƙwarai a makonni biyun farko. Wanda ya zuba ruwa iri ɗaya a lokutan nan biyu, lalle ya yi asara a ɗayansu.

A nan akwai kuskuren da ake yawan yi. Zurfin ruwa ba ya ƙara laima, faɗin fuskarsa ne ke ƙarawa. Faranti mai faɗi ya fi kofi mai zurfi, kuma jiƙaƙƙen soso ko tsumma mai tsabta yana ƙara filin da tururi ke tashi. Ruwan ya zama mai ɗumi-ɗumi kuma tsabtatacce. Wannan ya fi shafar mazauna kusa da magudanan da ke kwaso dagwalon majemu a Challawa da Sharaɗa, domin ƙazamin ruwa a cikin ɗumin injin gona ce ta ƙwayoyin cuta. Har ila yau, ba a toshe kafofin iska don a riƙe laima, tun da tsako na buƙatar numfashi, musamman a ƙarshe.

Ƙananan ma'aunan laima na kasuwa sukan yi ƙarya, saboda haka ƙwan da kansa ya fi zama abin dogara. A haska shi da tocila a ɗaki mai duhu a rana ta 7 da ta 14 da ta 18, a zana iyakar gurbin iska da fensir. In gurbin ya yi saurin girma, a ƙara ruwa, in ya yi nawa, a rage. Mai sikeli yana iya auna tire guda gaba ɗaya ya lissafa.

Da zarar an ga tsagar farko a ɓawo, sai a bar murfi a rufe. Buɗe shi na ɗan lokaci a ranar hunturu ya isa ya busar da tantanin tsakin da suka riga suka huda.