Kraljeva Sutjeska: ƙauyen da ya taɓa zama fadar sarakunan Bosniya

A tsakiyar ƙasar Bosniya, arewa maso yammacin Sarayebo, akwai wani ɗan ƙauye a gundumar Kakanj mai suna Kraljeva Sutjeska. Ma'anar sunan ita ce "mashigin dutsen sarki". Ƙauyen yana kwance cikin ƙunƙuntaccen kwari a bakin rafin Trstionica, tsaunuka masu dazuzzuka sun rufe shi ta kowane gefe.

Wannan matsatsin ne ya jawo masu mulki. A ƙarni na 14 gidan sarautar Kotromanić ya gina fada a nan, kuma daga gidan ne Tvrtko na ɗaya ya fito, wanda aka naɗa sarkin Bosniya na farko a 1377. Fadar kwari ta zaman lafiya ce. Idan yaƙi ya taso, sai a haura Bobovac, ganuwar da ke kan tsauni ba nisa, inda ake ajiye kambin sarauta, aka kuma binne wasu sarakuna.

Ganuwar ba ta cece su ba. A 1463, shekarar da ake cewa Muhammadu Rumfa ya hau gadon sarautar Kano, Sarkin Daular Usmaniyya Mehmed na biyu ya ci Bobovac, aka kashe sarki na ƙarshe, Stjepan Tomašević, a garin Jajce.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne labarin Sarauniya Katarina, matar mahaifin sarkin. Ta tsira, amma an kama 'ya'yanta biyu, suka tashi a hannun Turkawa a matsayin Musulmi. Ta rasu a birnin Rum a 1478 ba ta sake ganin su ba. Tsofaffin matan Katolika na yankin suna ɗaura baƙin kallabi, suna cewa makokinta suke yi har yau.

Daga fadar sai kango ya rage. Gidan ibadar limaman ɗarikar Faransiskan dai yana nan da tsofaffin littattafansa, haka ma wani ƙaramin masallaci mai hasumiyar katako, wanda mutanen gari ke danganta gininsa ga Mehmed. Tun bayan yaƙin 1992 zuwa 1995 mazauna da yawa suka watse, ƙauyen ya ragu ƙwarai.