Gardamar Waƙa a Bakin Ruwan Warra

A Warra, bakin tafkin Kainji, hirar mawaƙa ta fi armashi da yamma, bayan masunta sun ɗaure jirage an hallara teburin mai shayi. Da wani ya kunna Mamman Shata, gwanin kalangu da ya rasu a 1999, sai gardama ta kaure. Wasu dattawa sukan fifita Musa Ɗanƙwairo, saboda zaƙin kotso da yadda 'yan amshinsa ke karɓa baki ɗaya. Masoya dambe kuwa sai Ɗan Anace da waƙarsa ta ɗan dambe Shago.

An fi daɗewa ana gardama kan ɗaukar waƙa: ta gidan rediyo ce ta fi, ko ta dandalin biki, mai guɗa da hayaniyar masu liƙi? Ta dandali ta fi rai. Da a kaset ake adana waƙoƙin, yanzu daga waya zuwa waya ake turawa.