Duba Tsohuwar Takarda Ba Tare da Yage Sabuwa Ba

Duk wanda ya taɓa zuwa ma'aikatar magajin gari ta Sarkin Yamma, a yankin Madarumfa, neman gyara suna cikin takardar haifuwa, ya san ba a kankare abin da ya shiga rajista. Sai shari'a ta yanke hukunci, a rubuta gyaran gefen shafi, tsohon rubutu kuma yana nan daram. Haka ɗan kasuwar Maradi mai lura yake yi da littafin bashi: ya ja layi, amma ba ya yage shafi.

Kwamfuta halinta daban ne. Da ka canza lissafi ka adana, na jiya ya tafi. Ranar da mai bincike ya bukaci ganin kasafin kuɗi yadda yake a watan Janairu, nan gumi ke karyo wa ma'aikaci.

Magani ɗaya shi ne manhajar Git, wadda Linus Torvalds, mutumin Finland, ya ƙago a watan Afrilu na 2005. Kowace ajiya a cikinta tana da lambarta, da ranarta, da sunan wanda ya yi ta. Idan aka rubuta git checkout tare da lambar ajiyar Janairu, takardu za su koma kamar yadda suke a ranar, a duba, a buga. Ajiyoyin Fabrairu da Maris kuwa babu abin da ya taɓa su. In an gama, sai a sake wannan umarni da sunan reshen da ake aiki a kai, kowa ya koma mazauninsa. Idan takarda guda kaɗai ake bukata, tun 2019 akwai git restore.

To, amma a yi hattara da abu biyu. Aikin da ba a riga an ajiye ba, git restore yana murƙushe shi, kuma ba ya dawowa. A ajiye tukuna. Na biyu, git reset --hard, wanda masu gaggawa ke ruga wa: yana ja da reshen baya ɗungum, ajiyoyin da suka biyo su ɓace daga gani. Akan kamo su da git reflog, amma bisa tsarinsa na asali bayan kwana 30 yana iya mantawa da su.

Masu aiki da Excel su sani: Git zai adana musu kowane kwafi, sai dai ba zai nuna layin da ya canza ba, domin rubutu zalla ya fi ganewa.