Awo da gwaji: abin da asibitin mazaɓa zai iya gano wa matan Betso

Betso ɗaya ce daga cikin mazaɓu 11 na ƙaramar hukumar Mubi ta Arewa a jihar Adamawa, yankin da ke gindin duwatsun Mandara, kusa da iyakar Kamaru. A tsarin kiwon lafiya na Najeriya, mazaɓa ce matakin farko. Manufar gwamnati ita ce kowace mazaɓa ta samu aƙalla cibiyar lafiya guda ɗaya mai aiki sosai, inda za a yi awon ciki, a karɓi haihuwa, a yi wa yara rigakafi. Abin da ya fi ƙarfin wannan cibiya a tura shi babban asibitin Mubi, wanda ya gagara a can kuma a nufi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola, tafiyar kusan kilomita 200 ta Hong da Gombi da Song. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don riƙe irin waɗannan ƙananan cibiyoyi. A wannan shekarar ce kuma, cikin watan Oktoba, Boko Haram ta kame garin Mubi, jama'a suka watse, ma'aikatan lafiya suka watse tare da su, kafin a ƙwato garin a watan Nuwamba. Wannan tarihi yana cikin lissafin duk wanda zai yi maganar asibiti a yankin.

Dalilin ba lafiyar mata muhimmanci na daban yana cikin alƙaluma. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mata 512 ke rasuwa sanadin ciki ko haihuwa a cikin kowace haihuwa 100,000. Ƙiyasin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ninka haka: a 2020 sun ce mata kimanin 82,000 ne suka rasu a Najeriya, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk irin wannan mutuwa a duniya. Abubuwan da ke kashe su sanannu ne, kuma ba su da yawa: zubar jini bayan haihuwa, hawan jini mai kaiwa ga jijjiga, doguwar naƙuda, ƙwayoyin cuta da ke shiga jiki bayan haihuwa ko ɓari. Kusan dukkansu suna aiko da saƙo kafin su iso, sai dai saƙon ba ya zuwa da ciwo. Amfanin gwaji ke nan. An yi shi ne don macen da take jin garau, tana aikin gonarta, tana ɗora tukunya, ba ta san akwai wani abu da ke tsiro a jikinta ba.

Awon ciki shi ne gwajin da mata suka fi sani, har a baki ma "awo" kawai ake ce masa. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga yawan zuwa awo daga huɗu zuwa takwas, na farko kafin ciki ya wuce mako 12. A aikace mata da yawa ba sa zuwa sai ciki ya fito fili, musamman mai cikin fari, wadda kunya kan hana ta ko ambaton cikin a gaban surukai. Abin da ake yi a ɗakin awo kuwa bai kai a ɓoye ba. Ma'aikaciya za ta ɗaura wa mace na'urar awon jini a dantse, ta hura, ta karanta lamba biyu. Idan ta sama ta kai 140 ko ta ƙasa ta kai 90, za a sake aunawa bayan mace ta huta. Sai a ba ta 'yar kwalba ta kawo fitsari, a tsoma wani siririn tsinke na takarda a ciki. Idan launinsa ya juya, alama ce ƙoda na zubar da sinadarin gina jiki. Haɗuwar waɗannan biyu bayan mako 20 na ciki ita ce share fagen jijjiga, wadda a gida akan ɗauka aikin iska ne, a nufi mai ruƙiyya ko mai addu'a. Kumburin fuska da hannuwa, ciwon kai mai tsanani da ganin dishi-dishi duk alamunta ne. Akwai allura mai arha, magnesium sulphate, da ke hana jijjigar ko tsayar da ita, amma cikakken maganinta shi ne a raba mace da cikin a asibitin da zai iya. Saboda haka ganowa da wuri ke ba iyali damar neman kuɗin mota tun rana ba ta faɗi ba.

A awon ne kuma ake duba yawan jini, a ba da ƙwayoyin ƙarin jini, a yi allurar tetanus. Daga mako na 13 ana ba mai ciki maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, wanda aka fi sani da Fansida, wata-wata, aƙalla sau uku kafin haihuwa, domin cutar kan ɓuya a mahaifa ta tsotse jinin uwa ta rage nauyin jariri ba tare da zazzaɓi ya bayyana ba. Ana gwajin ƙanjamau da tunjere da ciwon hanta, dukkansu cututtukan da kan iya bi ta jikin uwa su kama ɗa, kuma akwai hanyar tare su idan an sani.

Zubar jini bayan haihuwa ya sha bamban, don awo ba ya iya faɗin wadda zai faɗa wa. Ma'auninsa rabin lita ne, kuma ido yakan yaudari har ƙwararriyar ungozoma, tunda zannuwa da tsummoki na shanye jinin. Wani bincike da aka wallafa a 2023, wanda aka gudanar a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, ya gwada shimfiɗa wata leda mai aljihu da ma'auni a ƙarƙashin mai haihuwa, ta yadda jinin zai taru a karanta yawansa. Da zarar ya kai iyaka, sai a haɗa duk matakan magani a lokaci guda maimakon a bi su ɗaya bayan ɗaya. Mummunan sakamako ya ragu da kimanin kashi 60 cikin 100. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da ke Kano ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya. Darasin da ke ciki ga ƙauye shi ne ledar da magungunan duka suna asibiti, kuma wadda jini ya ɓalle mata a ɗaki tana iya rasuwa cikin sa'o'i biyu.

Masana kan raba jinkirin da ke kashe masu haihuwa gida uku, bisa wani nazari na 1994: jinkirin yanke shawarar zuwa asibiti, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na farko yakan faru ne idan maigida ya tafi kasuwa ko gona bai bar izini ba. Na biyu aikin hanya ne da damina da dare. Don rage shi aka kafa shirin jigilar masu naƙuda a Adamawa daga 2013, inda aka horar da direbobin ƙungiyar NURTW su riƙa kai mata asibiti a kan farashi mai sauƙi. Na uku kuwa laifin hukuma ne: rashin jini a ajiye, rashin wuta, rashin ma'aikaci a bakin aiki, ko a ce sai an biya kafin a shiga tiyata. A Nuwamba 2024 ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi a asibitocin da aka tantance. Macen da ta kwana biyu tana naƙuda ta tsira da ranta sau da yawa takan fito da yoyon fitsari, lalurar da ake gyarawa da tiyata a cibiyoyi irin na Babbar Ruga a Katsina da Ningi a Bauchi.

Inda aka fi barin mata a baya shi ne bayan sun daina haihuwa. Asibitin karkara ya saba ganin mace da ciki ko da goyo, daga nan sai ta ɓace masa, alhali a shekarun nan ne sankarar bakin mahaifa ke bayyana. A 2020 an ƙiyasta sabbin masu cutar 12,000 a Najeriya, mata 8,000 kuma suka rasu. Ƙwayar cutar HPV ce ke haddasa ta. Ana ɗaukar ta ta hanyar saduwa, kuma ta yaɗu har yawancin mutane kan gamu da ita a rayuwarsu, ciki har da matan da ba su taɓa sanin kowa ba sai mijinsu. Jiki yakan kawar da ita da kansa. A jikin wasu kaɗan takan zauna, ta riƙa sauya fatar bakin mahaifa sannu a hankali, shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama sankara. Ga mai ɗauke da ƙanjamau lokacin ya fi gajarta, haɗarin kuma ya ninka har sau shida.

Wannan doguwar tazara ita ta sa cutar ke cikin masu sauƙin tarewa. Gwajin da ya fi dacewa da ƙaramar cibiya ba ya buƙatar ɗakin bincike. Mace za ta kwanta, ma'aikaciyar da aka horar ta sa wani ɗan ƙarfe ko roba mai buɗe gaba, ta haska fitila, ta shafa ruwan kal mai sauƙin tsami a bakin mahaifa da auduga, ta jira minti ɗaya. Lafiyayyar fata ba ta canjawa. Inda ta fara lalacewa sai ya yi fari fat, da iyaka a bayyane. Idan wurin ƙarami ne, a nan take za a iya ƙona shi da wata na'ura mai batir da ke ɗumama zuwa digiri 100, a ɗora ta daƙiƙa 20 zuwa 30, mace ta tashi ta koma gida da ƙafarta. Tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi son a yi gwajin ƙwayar HPV ɗin kanta, daga shekara 30, a maimaita bayan shekara 5 zuwa 10, masu ƙanjamau kuma daga shekara 25. Wannan gwaji yana da wata fa'ida da ta dace da mutanen da kunya ke da daraja a wurinsu: mace na iya ɗibar samfurin da kanta a bayan labule ta miƙa. Matsalarsa tsada da jiran sakamako. Jinin da ke zuwa bayan saduwa, ko bayan al'ada ta ɗauke gaba ɗaya, ko ruwa mai wari da ya ƙi jin magani, waɗannan sun wuce batun gwajin masu lafiya, asibiti ake nufa kai tsaye.

Ga 'yan mata akwai rigakafi. Ranar 24 ga Oktoba 2023 Najeriya ta shigar da allurar HPV cikin jerin rigakafin yau da kullum, allura ɗaya tak, kyauta, ga 'yan shekara 9 zuwa 14, kuma Adamawa na cikin jihohin zagayen farko. Allurar na ba da kariya daga nau'i huɗu na ƙwayar, ciki har da 16 da 18, waɗanda ke jawo kusan kashi 70 cikin 100 na wannan sankara. Jita-jitar cewa tana hana haihuwa ta riga ma'aikata isa wasu gidaje. Zargin ba shi da tushe, domin an yi wa miliyoyin 'yan mata allurar a ƙasashe da dama tun 2006, amma tsoron yana da asali: Arewa ba ta manta da gwajin maganin Trovan a Kano a 1996 ba, wanda ya taimaka wajen ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. Uban da ya tambayi dalilin da ya sa mata kaɗai ake yi wa allurar ya yi tambaya mai ma'ana, kuma amsarta a fili take: su ne ke da mahaifa, allurar kuma ba ta wadata a haɗa da maza ba.

Nan ne wayar da kai ke shigowa, kuma a ƙasar Mubi sai an yi la'akari da harshe. Hausa ce harshen kasuwa, amma tsohuwa Bafaliya ko Bagudiya ko Bafulatana za ta fi sakin jiki ta faɗi abin da ke damun ta a ƙasan cibiya da harshen da aka yi mata reno da shi, kuma ga mace 'yar uwarta. Shi ya sa shirin CHIPS da aka ƙaddamar a 2018 ya dogara ga matan unguwa da ke bi gida-gida. Zumuntar mata a coci, makarantun Islamiyya na matan aure, taron suna da na biki, duk wurare ne da magana ke shiga fiye da allon talla. Ungozomar gargajiya ma, wadda ake yawan ɗora wa laifi, ta fi amfani a matsayin mai rakiya zuwa asibiti, tunda ita ake fara kira da tsakar dare. Kwamitin raya mazaɓa, wanda ya ƙunshi masu unguwanni da malaman addini da wakilan mata, shi ke da hurumin tambayar me ya sa babu magani ko ma'aikaci a cibiya. Maza kuwa sai an kai musu maganar majalisarsu, don izini da kuɗin mota a hannunsu suke.

Sankarar mama, wadda ta fi kowace yawa a tsakanin matan Najeriya, tana nuna iyakar abin da ƙaramar cibiya za ta iya. Ma'aikaciya na iya lalubawa ta ji ƙullutu, ta lura da kan nono da ya shige ciki, ko fata da ta yi ƙuraje-ƙuraje kamar ɓawon lemo, ko jini da ke fita daga kan nono. Mace ma na iya koyon duba kanta bayan kowace al'ada. Yawancin ƙullutai ba sankara ba ne, amma hannu ba ya iya rarrabewa. Sai an yi hoto, an ɗebi ɗan nama an kai ɗakin bincike, wanda ke nufin tafiya Mubi ko Yola. Idan ta kama a yi gashi da na'ura, tafiyar na iya kaiwa Zariya ko Abuja. A tsakanin waɗannan matakai ne mata ke sulalewa su koma ga mai magani, su dawo bayan shekara da gyambo. Saboda haka gangamin gwaji na kwana ɗaya, wanda ake kafa rumfa a auna ɗaruruwan mata a ɗauki hoto, ba a auna nasararsa da yawan waɗanda suka zo. Ana auna ta ne da rajistar waɗanda aka samu da matsala: sunan kowacce da lambar wayar da za a same ta, takardar turawa mai ɗauke da sunan asibiti da ranar zuwa, da ma'aikaciyar da aka ɗora wa alhakin kira bayan mako biyu ta ji ko an je, da abin da likita ya ce.