BABI NA UKU: BABBAN GIDAN WAYA NA KANO DA TSARIN GININSA

3.1 Gabatarwa

Wannan babi zai yi bayani a kan tarihin babban gidan waya na Kano da kuma tsarin gini irin na gidajen waya na zamanin Turawa. Manufar ita ce a nuna cewa aikin da ake yi a gidan shi ya zaɓa masa mazauni, shi ne kuma ya ba shi siffa.

3.2 Taƙaitaccen Tarihi

An buɗe gidan waya na farko a Nijeriya a Ikko a shekarar 1852, sannan Kamfanin Royal Niger ya buɗe wani a Lakwaja a 1899. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, sai suka buƙaci hanyar aikawa da saƙo cikin gaggawa zuwa hedikwatarsu da ke Zungeru, don haka suka ja wayar tangaraho. Daga wannan waya ce Hausawa suka raɗa wa wurin suna "gidan waya", ko da yake wasiƙu ne suka fi kai jama'a can.

Zuwan jirgin ƙasa Kano a 1911 shi ya tabbatar wa gidan mazauninsa. Da yake a jirgi ake kawo buhunan wasiƙu daga kudu, gidan wayar ya zauna a wajen ganuwa, kusa da tashar jirgi da kantunan Turawa, har titin da yake kai ya ɗauki sunansa. A 1936 kuma jiragen sama suka fara jigilar wasiƙu tsakanin Khartum da Kano. Garuruwan da layin dogo bai bi ta cikinsu ba, kamar Wudil mai nisan kimanin kilomita 40 a kan hanyar Maiduguri, ta mota suke samun nasu wasiƙun daga Kano.

3.3 Tsarin Gini

Ginin gargajiya na Hausa da tubali da azara ake yin sa, kuma azara ba ta ɗaukar nauyin rufi mai faɗi sai an yi bakan gizo. Haka kuma tsarinsa na sirri ne, domin baƙo a zaure yake tsayawa. Shi kuwa gidan waya wuri ne na kowa da kowa, saboda haka Ma'aikatar Ayyuka ta bi wani tsari dabam, kamar haka:

(i) Babban zaure mai doguwar kanta, wadda ta raba ma'aikata da masu sayen kan sarki.

(ii) Baranda da rufi mai tsawo da manyan tagogi, domin rage zafi a lokacin da babu na'urar sanyaya ɗaki.

(iii) Akwatunan wasiƙu a jikin bango: ma'aikaci ya zuba ta ciki, mai akwati ya buɗe da makullinsa ta waje.

(iv) Ƙofar baya, inda mota ke sauke buhuna kusa da ɗakin rarraba wasiƙu.

3.4 Kammalawa

A 1985 aka raba ma'aikatar gidan waya da tangaraho gida biyu, wato NIPOST da NITEL. Daga 2001 kuwa, wayar salula ta janye mafi yawan masu rubuta wasiƙa. Ginin da aikinsa ya ragu, ga shi kuma a tsakiyar kasuwanci, yana cikin haɗarin a mayar da shi shaguna ko a rushe shi. Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa sun tsira ne saboda an mayar da su gidajen adana kayan tarihi. Wannan bincike yana ganin ya kamata a auna tsofaffin gidajen waya na Jihar Kano, a zana taswirarsu, a kuma ɗauki hotunansu tun kafin a taɓa su.