Tsakanin Damuwa da Hauka: Matasanmu da Ciwon da Ba Shi da Suna

Bahaushe bai yi rowar kalmomi ba wajen bayyana abin da ke cikin zuciya. Yana da baƙin ciki da ɓacin rai da takaici da ƙunci da fargaba da zulumi da wasiwasi, kowace da gurbinta, kuma duk wanda ya tashi cikin harshen ya san cewa takaici ba ya zama a mazaunin zulumi. To amma da zarar magana ta bar halin da mutum ke ciki na ɗan lokaci ta koma kan ciwon da ke kama tunani ya zauna, sai wannan yalwa ta tsuke ta koma kalmomi biyu rak, wato damuwa da hauka. Ta farko ta yi sauƙi ƙwarai, ta biyu kuwa ta yi nauyin da babu gidan da ke son ɗauka. A tsakaninsu akwai fili fetal, kuma a wannan fili ne matasanmu da dama suke fama ba tare da an san abin da za a kira ciwonsu ba, balle a san inda za a kai su.

Mu fara da hauka. Kalma ce da muke zagi da ita, muke kiran karen da ya kamu da cuta da ita, muke siffanta direban da ke tuƙin ganganci da ita. Hoton da take kawowa a zuciya guda ne: mutum a bola, da tsummokara, yara na binsa da jifa. Ga kuma maganar da ake yi cewa mahaukaci ba ya warkewa, sai dai ya sami sauƙi. Mun ƙirƙiro "taɓin hankali" don sakayawa, amma kunnen mai sauraro yakan mayar da ita hauka nan take. Mai karatu ya tuna da abin da ake bincika idan an zo neman aure. Da zarar an ce akwai hauka a dangi, ba marar lafiyar kaɗai abin ya shafa ba, har ƙannensa mata da ba su yi aure ba. Saboda haka uwar da ta ɓoye ɗanta a ɗaki ta ce iska ce ko sammu, ba lalle jahilci ne ya sa ta ba. Lissafi ta yi. Sammu yana ɗora laifi a kan maƙiyi, hauka kuwa yana ɗora shi a kan jini.

Ita kuma damuwa, wadda kafofin watsa labarai suka zaɓa don fassara abin da likitoci ke kira difireshon, matsalarta ita ce kowa yana da ita. Wanda bai biya kuɗin haya ba yana cikin damuwa, wanda ya taka ka ya ba ka haƙuri sai ka ce ba damuwa. Idan saurayi ɗan shekara 20 ya ce wa mahaifinsa yana fama da damuwa, amsar da zai samu sananniya ce: "Me aka rage ka da shi? Ci ko sha?" Alhali abin da likita yake nufi wani abu ne daban: ƙuncin da ya zauna mako biyu ko fiye, kusan kullum, tare da fitar sha'awa daga abubuwan da mutum ya saba jin daɗinsu, da lalacewar barci da cin abinci, da kasa tara hankali wuri guda, da ganin kai ba shi da amfani, wani lokaci har da tunanin gara mutuwa. Wannan ba ragwanci ba ne, kuma "ka yi haƙuri" ba ta warkar da shi, kamar yadda ba ta saukar da hawan jini.

Da yake babu sunan da za a faɗa ba tare da an ji kunya ba, sai ciwon ya nemi hanya ta jiki. Matashi zai ce kansa yana zafi, ko wani abu kamar kiyashi yana yawo a jikinsa, ko zuciyarsa na bugawa, sai a yi ta zarya a kantin magani ana sayen na maleriya da taifot da olsa. Ba sabon abu ba ne. Tun a 1960 wani likita mai suna Raymond Prince ya bayyana irin waɗannan koke-koke a tsakanin ɗaliban Nijeriya, waɗanda ke cewa ƙwaƙwalwarsu ta gaji, suna karatu ba ya zama. Duk malamin jami'a ya ga irinsu: ɗalibi mai hazaƙa a aji ɗaya da aji biyu, sai ya fara fashin darasi, ya daina wanka, ya janye daga abokai, mu kuma mu rubuta masa faɗuwa mu wuce.

Abin da ya sa batun matasa ya fi tsanani shi ne, bincike ya nuna kusan rabin cututtukan ƙwaƙwalwa suna farawa ne kafin a wuce shekara 14, kashi uku cikin huɗu kuma kafin tsakiyar shekarun ashirin. Wato daidai lokacin jarrabawar fita sakandare da shiga jami'a da bautar ƙasa da auren fari da haihuwar fari. Cutar nan da ke sa mutum ya ji muryoyin da babu su, ko ya yi imani ana farautarsa, ita ma a wannan tsakanin ta fi bayyana, kuma gwargwadon jinkirin kai shi asibiti, gwargwadon wahalar dawowarsa daidai.

Ina ake kai su idan ba asibiti ba? Wasu suna kai kansu ga kwalba da ƙwaya. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da gwamnatin Nijeriya, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da aka duba. Gwamnati ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayu na 2018, amma hana kwalba bai amsa tambayar abin da yarinyar take so ta mance ba. Wasu kuma iyaye ne ke kai su gidan mari. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum kimanin 300, da yawansu da sarƙa a ƙafa, kuma akasari 'yan uwansu ne suka kai su da hannunsu. Aka yi ta tsine wa iyayen. Ni dai ina ganin uban da ɗansa ke fasa kayan gida da tsakar dare, wanda bai taɓa jin cewa wannan ciwo ne mai magani ba, abin da ya sani ya yi. Tun zamanin turu haka muke yi.

Doka dai ta sauya harshe. Fiye da shekara 60 ana aiki da Dokar Mahaukata ta 1958, wadda tushenta dokar 'yan mulkin mallaka ce ta 1916, har sai da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, aka sanar a watan Janairu na 2023. Sabuwar dokar ta ɗauki mai wannan ciwo a matsayin majinyaci mai haƙƙi. Akwai kuma asibitocin tarayya na ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato da Maiduguri, ga na Dawanau a Kano, ga sassan da ke asibitocin koyarwa. Sai dai likitocin wannan fanni a 'yan shekarun nan ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200.

Da irin wannan ƙaranci, babu makawa gida shi ne asibitin farko. Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya gane haka tun 1954, lokacin da ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta: majinyaci ya sauka a gidan mutanen ƙauye tare da ɗan uwansa guda, ya je asibiti da rana ya koma cikin jama'a da yamma, kuma Lambo bai kori masu maganin gargajiya ba, ya ja su a jiki. Darasin yana nan. Malamin da ake kai wa yaro don addu'a shi ne yake fara ganinsa, kuma babu abin da ya hana a yi addu'a a kuma sha magani. Abin da iyali ke bukata su sani bai da yawa. Maganin wannan ƙunci yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa, kuma dainawa da zarar an ji sauƙi yakan dawo da ciwon. Tambayar yaro kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa ba ta saka masa tunanin. Sau da yawa ma ita ce ke buɗe bakinsa. Idan ya amsa da e, a kawar da fiya-fiya da makamantanta daga gidan, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar. Mai jegon da ta daina barci, take kuka ba dalili ko take gudun jaririnta, ita ma asibiti take bukata, ba gori ba.

Saura aikinmu, mu masu nazarin harshe. Mun taɓa yin irinsa. "Hawan jini" da "ciwon suga" da "yoyon fitsari" duk sun zauna daram a bakin jama'a, kuma mun ga yadda "cuta mai karya garkuwar jiki" ta rage kaifin "ƙanjamau". Masana sun zauna sun tsara kalmomin nazarin harshe da adabi har aka buga su a littafin Hausa Metalanguage a 1990, ƙarƙashin Farfesa Ɗalhatu Muhammad. Idan an yi wa nahawu wannan gata, ban ga dalilin da zai hana sassan Hausa na Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo su zauna da likitocin Dawanau da Barnawa da Kware su yi wa wannan fanni ba, sa'annan su fassara dokar 2023 a karanta ta a rediyo.

Sharaɗi guda nake da shi: kada a gama aikin a ɗakin taro. Duk kalmar da aka fitar a kai ta layin karɓar magani da tashar mota da ɗakin kwanan ɗalibai, a ji yadda take sauka a kunne, domin kalmar da ba ta shiga bakin tsohuwa ba a takarda za ta mutu. Kuma a cikin kwamitin a ajiye kujeru ga waɗanda suka yi ciwon suka warke suka koma karatu ko aiki, da iyayen da suka yi jinyarsu, don su ne suka san kalmar da za su iya faɗa a gaban surukai da wadda ba za su iya ba.