Daga Jikin Doki Zuwa Makarin Dafin Maciji

A Furana da sauran ƙauyukan Ikara, Maƙarfi da Kudan, saran maciji ya fi yawa a lokacin sharar gona da lokacin girbi, sa'ad da manomi ke cusa hannu cikin ciyawa ko ƙarƙashin dami. Makarin da ake yi wa wanda maciji ya sara allurarsa a asibiti kuwa daga jinin dabba ake samo shi, bisa hanyar da Albert Calmette na Faransa ya buɗe a shekarun 1890: ana yi wa doki allurar dafi kaɗan-kaɗan har jikinsa ya haɗa sinadaran garkuwa, sannan a ɗebi jininsa, a ware ruwan jinin, a tace. Haka ake yin EchiTAb-Plus a cibiyar Clodomiro Picado ta ƙasar Kosta Rika, domin dafin kububuwa da kasa da gamsheƙa, macizan da David Warrell ya nazarci saransu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a shekarun 1970.

Dafi shi kaɗai ba ya zaburar da garkuwar doki yadda ake so, musamman dafin gamsheƙa wanda wasu gubobinsa ƙanana ne ƙwarai, don haka akan gauraya shi da wani sinadari mai zaburarwa. Wanda aka daɗe ana amfani da shi shi ne haɗin Freund, wato mai da matattun ƙwayoyin cuta dangin na tarin fuka, kuma duk da ƙarfinsa yakan bar kumburi da gyambo mai ruwa a inda aka soki dokin, har dabbar ta galabaita.

Nan ne ƙwayoyin nano suka shigo, wato ƙwayoyin da ake auna girmansu da nanomita, kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Ana yin wasunsu da kitosan, sinadarin da ake samu daga ɓawon ƙaguwa da jatan lande, a ƙunshe dafin a cikinsu kamar yadda ake ƙulle yaji a leda, sai su riƙa sakinsa sannu a hankali. Ta haka gubar ba ta cin naman wurin a lokaci guda, ƙwayoyin garkuwa kuma suna haɗiye ta cikin sauƙi, wanda ke ba da damar rage yawan dafin da ake tatsowa da yawan allurar da ake yi. Mafi yawan gwajin dai a jikin ɓeraye da zomaye aka yi shi, kuma sai ya tabbata a jikin doki kafin masana'antu su rungume shi.

Muhimmancin wannan bincike ga talaka a fili yake, domin idan jinin doki ɗaya ya ba da makari mai ƙarfi da yawa, kwalaben da majinyaci ke buƙata za su ragu, kuɗin ma ya sauko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin cututtukan da aka yi sakaci da su a 2017, ta kuma ƙuduri rage mace-mace da naƙasa da rabi kafin 2030, burin da ba zai cika ba sai makarin ya yi arahar da manomi zai same shi a asibitin da ke kusa da gonarsa.